Na Goge Wayar 'Yata, Na Kulle Kaina a Waje

Anti mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ni ba mace ba ce mai fitar da zancen gidanta waje. Kullum ina gaya wa 'ya'yana cewa abin da aka yi a ɗaki, a ɗaki yake kwana. Amma yau tura ta kai bango, shi ya sa na rubuto miki.

Ni tela ce, kayan makaranta nake ɗinkawa: riguna, wanduna, siket da kayan wasanni. Da keke ɗaya na fara a tsakar gida, yanzu ina da shago a bakin titi, da mata huɗu da suke ɗinki a ƙarƙashina. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma alhamdulillahi ban taɓa saɓa wa kowa alkawarin ɗinki ba, kuma kin san yadda ake zagin teloli a kan wannan. Haka na yi tarbiyyar 'ya'yana. Ba a yi mini ƙarya, ba a mayar mini da magana, ba a zama in ina tsaye.

'Yata ta fari ta karanci kwamfuta. Ƙannenta suna tsokanarta da Injiniya, har sunan ya bi ta. Ita ta buɗe wa shagona shafi a intanet. Da farko na ƙi, na ce da allura ake ɗinki ba da waya ba, amma daga baya na ga amfaninsa. Iyaye suna shiga shafin daga gidajensu, su sa awon ɗansu, tsayi da kafaɗa da ƙugu da hannu. Awon yana taruwa a wani wuri da take kira fanel, wato ɗakin da ake sarrafa shafin daga ciki, a wajen kamfanin da ya ba mu hayar wuri a intanet. Kowace safiya takan shiga ta kwamfutar shago, ta buga awon a takarda, ta ɗora mini a kan teburin yanka, ta danne shi da almakashi don kada fanka ta kwashe. Ni dai takarda nake gani. Ban taɓa tambayar ta inda take fitowa ba.

Bana wata makarantar kwana ta ba mu ɗinkin sababbin ɗalibanta gaba ɗaya. Yaran daga garuruwa daban-daban suke, ba mai ganinsu sai ranar shiga makaranta, kuma a ranar ake so kowa ya tarar da kayansa a ɗinke. Iyaye duk sun sa awo a shafin. Na sayo yadi, yana nan jibge har kusa da silin. Na yi wa shugabar makarantar alkawari da bakina.

To ga inda matsalar ta faro. Ɗan maƙwabciyata ya lalace da cacar waya. Yaro mai ladabi, amma sai da ya sayar da injin markaɗen uwarsa. Tun daga nan nake sa ido a kan wayoyin gidana. Sai na lura duk safiya in Injiniya za ta fara aiki, takan buɗe wani abu a wayarta, lambobi shida su fito da wani ɗan zobe yana zagayawa, ta yi sauri ta kwafe su kafin su canza. Wani lokaci in sun canza kafin ta gama sai ta yi tsaki. Anti, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Lambobi masu canzawa, ga sauri, ga tsaki, me uwa za ta zata? Na yi ta kallo ina haɗiyewa, har ranar da na kasa. Na tambaye ta mene ne wannan. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce mini ba zan gane ba. A gaban ma'aikatana ta faɗa. Kekuna suka tsaya cak, har wadda take guga ta ajiye dutsen gugar tana kallona.

Ni da na yi cikinta, na goya ta a baya ina taka keke, ni ce ba zan gane ba? Na karɓe wayar, na tsallaka titi wajen mai gyaran waya, na ce ya goge duk abin da ke cikinta, ta koma kamar yau aka sayo. Ya tambaye ni ko an adana abubuwan da ke cikinta a wani wuri, na ce datti ake adanawa? Sai ya yi aikinsa.

Da na dawo na miƙa mata, ba ta yi ihu ba, ba ta yi rashin kunya ba, gaskiya ba zan yi mata ƙazafi ba. Ta kunna, ta duba, sai ta tambaye ni abu ɗaya, wai ina muryar kakarta. Ashe ta ɗauki muryar mahaifiyata a asibiti tana sa mata albarka, kafin Allah ya yi mata rasuwa. Ni ban ma san da shi ba. Na ce mata ai albarka ba a waya take zama ba. Ta ajiye wayar a kan teburin yanka kusa da almakashi, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan gwaggonta, ƙanwar babansu. Har yau tana can. Wayar da layinta suna cikin durowata.

Washegari na ce don kaza ta yi fushi ba za a fasa shanya ba, zan shiga da kaina. Kwamfutar shago ta riƙe sunan shiga da kalmar sirri, suna fitowa da kansu. Na danna. Sai wani akwati ya fito yana neman lambobi shida daga manhajar waya. Anti, nan take na tuna da lambobin da nake gani a wayarta, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko da su ne waɗancan lambobin, ai laifinta ne. Da ta buɗe baki ta yi wa uwarta bayani, da ba a kai nan ba.

Na sa ranar haihuwarta, ya ƙi. Na sa ƙarshen lambar wayarta, ya ƙi. Na sa tawa, na sa ta babansu, har lambar da ke jikin mitar wutar shago na gwada. Ina cikin haka sai shafin shigar ya daina buɗewa gaba ɗaya, fari fat, sai wani ɗan rubutu cewa ba a iya kaiwa gare shi ba. Na zaci na fasa abin ne baki ɗaya, amma da ɗaya daga cikin ma'aikatana ta gwada a wayarta, sai ya buɗe. A kwamfutar shagona kawai yake ƙi, kamar ya san fuskata. A wayar ma'aikaciyar na danna wurin da aka ce wanda ya manta kalmar sirri ya danna, suka ce sun aika saƙo zuwa imel ɗin shago. To imel ɗin shagon ma ta cikin fanel ɗin ake buɗe shi! An kulle ɗaki, an aika mini makulli cikin ɗakin. Na kuma rubuta sunan kamfanin a wurin bincike na intanet, na faɗa wani shafi mai kama da nasu, yana neman lambar katin bankina. Allah ya sa katin yana gida.

Daga ƙarshe na samu ma'aikatan kamfanin ta wurin hira a rubuce da ke shafinsu. Suka ce asusun da sunan Injiniya aka buɗe, sai ita za ta tabbatar da kanta da katin shaidarta. Na rubuta musu cewa ni na haife ta, kuma shagon nawa ne. Suka yi mini godiya, suka ce sun fahimta, amma ba za su iya ba. Wace irin duniya ce wannan, da uwa za ta nemi izinin 'yarta kafin ta shiga kayanta?

Babansu direban babbar mota ne, ba mazauni ba. Da ya dawo ya ji, dariya ya yi, wai na ƙone rumbu don in kashe ɓera, kuma ɓeran ma ashe kyanwa ce. Ban ga abin dariya ba. Gwaggonta ta aiko cewa yarinya lafiya lau, sai dai ba ta cin abinci sosai, kuma ba ta ce komai a kaina ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ma'aikatana suna zaune suna gyaran zip da sa maɓalli don kada a ce ba sa komai. Shugabar makaranta ta kira, na ce mata aiki yana tafiya. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi a sana'ata, kuma tun da na yi ta abinci ba ya yi mini daɗi.

Wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo masa kwamfutar da katin shaidata, zai fasa ya shiga. Wata kuma ta ce tunda layin yarinyar yana hannuna, in sa shi a waya in buɗe imel ɗinta na kanta, wataƙila ta nan a samu hanya. Wanne zan yi? Don Allah ki nuna mini yadda zan shiga fanel ɗin nan ba tare da na je gidan dangin miji ina roƙon 'yar da na haifa ba. A ina aka taɓa ganin uwa ta bi 'ya da ban haƙuri? Gobe ƙannenta ma sai su hau kaina. Ranar shiga makaranta tana matsowa, yadi yana kallona ina kallonsa.

Taki,
Uwar Injiniya

*

'Yar'uwata Uwar Injiniya,

Sannu da wannan jarrabawa. Na karanta wasiƙarki da tausayi, domin macen da ƙarya ɗaya ta hana ta jin daɗin abinci ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya sa ki, kuma tsoron yana da tushe. Kin ga abin da caca ta yi a gidan maƙwabta. Uwar da ba ta sa ido a wayar gidanta a wannan zamani ita ce abin zargi.

Bari in fara cire miki kokwanto. Lambobin nan ba caca ba ne. Kwaɗo na biyu ne da Injiniya ta sa wa ƙofar shagonki. Kalmar sirri ana iya sace ta, shi ya sa ake ƙara lambar da take canzawa kowane ɗan lokaci, wadda ba mai ganinta sai mai riƙe da wayar. Saurin da kika ga tana yi, saurin kwafewa ne kafin lambar ta mutu. Wato duk safiyar da kike kallonta da zargi, gadin dukiyarki take yi.

Yanzu ga abin yi. Ki daina gwada lambobi. Ba ranar haihuwar kowa ba ce, kuma ba a cinkarta. Yawan gwajin ne ya sa kamfanin ya ɗauka ɓarawo ne yake taɓa ƙofa, ya toshe intanet ɗin shagonki. Shi ya sa shafin yake buɗewa a wayar ma'aikaciyarki, yake ƙi a wajenki. Ba ki fasa komai ba, awon yaran yana nan yadda iyaye suka sa shi. Irin wannan toshewar takan sake da kanta in an bar ta ta huta, in kuma ba ta sake ba, kamfanin yana buɗe ta cikin sauƙi in mai asusu ta nema. Kada ki sake neman ƙofar shiga ta wurin bincike. Ki bi adireshin da yake ajiye a kwamfutar shago kawai. Wancan shafin da ya nemi katin banki na 'yan damfara ne, ki gode wa Allah da ya sa kika manta katin a gida.

Mai shagon kwamfuta kuwa, ki ce masa kin gode. Ko dai ba zai iya ba, ya wahalar da ke, ko kuma ya kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar tare da katin shaidarki. Ki tuna akwai sunayen 'ya'yan mutane da lambobin iyayensu a ciki, amana ce a wuyanki. Shawarar sa layinta a waya a buɗe imel ɗinta ta fi wannan muni. Wataƙila ta buɗe miki fanel, amma za ta rufe miki wata ƙofar da ba kamfanin da zai iya buɗe miki.

Ma'aikatan kamfanin da suka ƙi ki, ba raina ki suka yi ba. Ba sa ganin fuska, rubutu suke gani. Da suna buɗewa ga duk wadda ta rubuta cewa ita ta haifi mai asusu, da tuni wata ta riga ki.

Hanyar gaskiya gajeriya ce, kuma ta gidan gwaggo ta bi. Yawancin irin waɗannan kamfanoni ƙofa biyu suke da ita: asusun da aka yi rajista da shi, da kuma fanel ɗin kansa. In Injiniya ta yi rajistar da imel ɗinta na kanta, tana iya dawo da shi ta layin da ke durowarki, ta shiga asusun, sau da yawa daga nan ake wucewa fanel kai tsaye. Wataƙila ma ta adana lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa ranar da aka sa kwaɗon, ko manhajar ta dawo da kayanta in ta sake saukar da ita. In duk wannan ya ƙi, za ta tura wa kamfanin katin shaidarta su cire kwaɗon, ta sa sabo. Wannan na ƙarshen yana iya ɗaukar ɗan lokaci, don haka kowace safiyar da kika ƙara a zaune, daga lokacin ɗinkinki kike yankewa.

Kafin nan, ki kira shugabar makaranta yau ki janye maganar da kika yi mata. Ki ce an samu matsala wajen fito da awo, ana kan gyara, kuma in da hali makaranta ta sanar da iyaye su turo awon ta waya don ko-ta-kwana. Za ta fi girmama ki yau da gaskiya a kan ranar shiga makaranta da uzuri. Ma'aikatanki kuma su fara abin da ba ya jiran awo, kamar aljihu da kwala da bajo.

Sai maganar da kika fi gudu. Injiniya ta yi kuskure. Ba a ce wa uwa ba za ta gane ba, balle a gaban mutanen da take ba umarni. In da ita ta rubuto mini, da na wanke ta tas. Amma ki auna da mudu ɗaya. Ita magana ta faɗa cikin gaggawa, idonta a kan lambar da za ta mutu. Ke kuma kin yanke hukunci kafin bincike, kin zartar a ranar, har mai gyaran waya ya ba ki damar tsayawa ba ki tsaya ba. Ke tela ce, kin fi ni sanin cewa sau biyu ake awo kafin a sa almakashi.

Kin ba ni labarin fanel dalla-dalla, amma muryar mahaifiyarki a layi biyu kika wuce ta. Ina jin nan ne ciwon yake, a wajenta da wajenki. Yarinyar ba don waya ta tafi ba, ga shi ta bar ta a kan tebur. Ta rasa muryar kakarta, ta tambayi uwarta, aka ba ta amsa da wa'azi. Gaskiya ne albarka ba a waya take zama ba, amma ba ranar faɗin haka ba ce. Akwai ɗan fata cewa wayar tana tura kayanta ma'ajiyar intanet da kanta, in haka ne muryar za ta dawo. Ita za ta duba ta sani. Kada ki yi mata alkawarin abin da ba ki da tabbas a kai. In kuwa ta tafi ke nan, to ku biyu kuka yi rashi, kuma wanda aka yi rashi tare da shi ba a jin kunyar yin kuka a gabansa.

Kin ce ƙannenta za su hau kanki. Ni a ganina akasin haka za a yi. Kin koya musu ba a ƙarya, ba a mayar da magana. Saura darasi ɗaya da ba mai koya musu sai ke: yadda babba yake yi in ya gane ya yi kuskure. Girmanki ba zai zube ba don kin taka zuwa gidan ƙanwar mijinki. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma a baki ɗaya suke kwana.

In an shiga lafiya, ku gyara ginin. A sa ki a asusun da sunanki, tunda shagon naki ne. A mayar da imel ɗin dawo da kalmar sirri zuwa wani na waje, kada a sake kulle makulli a cikin ɗaki. A sa manhajar lambobin a wayarki ke ma.

Ki ciro wayar nan daga durowa, ki yi mata caji, ki tafi da ita a hannunki. In kin isa, kada ki fara da zancen fanel, ko da ranar shiga makaranta tana ci miki rai. Ki fara da kakarta. Sauran zai biyo baya da kansa, domin yarinyar da ta yi kwanakin nan ba ta ce komai a kanki ba, jiranki take yi. Ranar da kuka koma shago kuma, ki ja kujera kusa da ita a gaban ma'aikatan nan guda huɗu, ki ce ta nuna miki lambobin daga farko. Macen da ta tashi daga keke ɗaya zuwa shago guda ba za ta kasa gane lamba shida ba, kuma ya kamata Injiniya ta ga haka da idonta.

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya daidaita tsakaninki da 'yarki, ya sa yaran makarantar nan su tarar da kayansu a goge, a ninke.

Anti